Taron haɗa na'ura ko sayar da haɗaɗɗiya: wanne zai ɗauki nauyin aikin?

Wani ɗan'uwa a wannan rukuni, mai gyaran waya a nan Maraɗi, ya zana fitila mai caji da rana, ya saki zanen kyauta don kowa ya kwafa. Tambayarsa ita ce: don ya samu kuɗin ci gaba da inganta zanen, ya riƙa haɗa fitilun yana sayarwa, ko ya riƙa tara mutane su biya su haɗa da hannunsu?

Malam, amsarmu ita ce ka fara da taron. Ga dalili.

Ɗauki sayarwa tukuna. Kai za ka zuba uwar kuɗi, ka sayo kaya, ka zauna ka liƙa kowace fitila, sannan ka kai ta kasuwa ta tsaya kusa da ta Sin, wadda aka buga dubbai a masana'anta. Mai saye ba ya tambayar ko zanen a buɗe yake; farashi yake kallo da kyan roba. A ce kayan fitila ɗaya sun ci jika 6, ka sayar jika 8. Ribarka jika 2, kuma duk wadda ta lalace gare ka za ta dawo.

A taro kuwa iyawa kake sayarwa, fitilar tukuici ce da mutum zai tafi da ita gida. Ga misalin lissafi, sai ka sa farashin da ka tarar: mutum 12, kowa jika 15, ya kama 180,000. Kayan mutum 14 za ka saya, domin sai an ƙona wasu, wato 84,000. Ɗaki, abinci da man janareto 30,000, mataimaka biyu 20,000. Saura 46,000. Kafin ka ga wannan a hanyar sayarwa sai ka haɗa fitila 23 ka sayar da su duka. Sannan ana biyan kafin alƙalami, rabi ko fiye, ta Nita ko Airtel Money, da shi za ka sayo kaya. Kada ka yi odar komai sai mutum takwas sun biya. Wannan hanya ba sabuwa ba ce: ƙungiyar Open Source Ecology ta jihar Missouri a Amurka ta daɗe tana shirya irin waɗannan tarurruka na biya, inda mahalarta ke haɗa injin buga bulo da makamantansa.

Akwai wata riba da ba ta shiga lissafi. Hannu goma sha biyu da ba su saba ba za su nuna maka aibin zanenka a yini ɗaya. Idan mutum huɗu suka juya batir a wuri guda, laifin allonka ne da bai nuna + da − da kyau ba. Ka koma KiCad, manhajar zana allon lantarki, ka gyara.

Amma taro yana da nasa ciwon kai, kuma a nan ake faɗuwa. Allon caji na TP4056 yana ƙonewa nan take idan aka juya ƙafafun batirin litiyam samfurin 18650, shi ya sa batir ne abu na ƙarshe da za a saka, bayan mataimaki ya auna da mita. Allon yana zuwa da rezista ta 1.2k wadda ke jan amfiya 1. Faifan sola na 6V 2W bai wuce kamar 330mA ba, don haka ƙarfinsa zai faɗi, cajin ya riƙa yankewa. Ka canza rezistar da ta 4k, wadda ke ba da kamar 300mA, kuma kai za ka yi wannan tun a gida, ta yi ƙanƙanta ga sabon hannu. Ka sayi allon da ke da kariyar DW01, wadda ke hana batir cika ko zuƙewa fiye da kima. LED mai wat 1 tana son rezista ta om 3.3 da ɗan farantin alminiyam, in ba haka ba haskenta zai dusashe da wuri. Kada kowa ya ɗora dalma kai tsaye a jikin batir, a yi amfani da mazauninsa. Batiran tsohuwar kwamfuta suna rage kuɗi, amma duk wanda ya auna ƙasa da 2.5V a ware shi. Dalma 60/40 mai kaurin 0.8mm ta fi sauƙi ga mai koyo. Liƙin da ya fito dusu-dusu kamar ƙwallo bai kama ba, a sake ɗumama shi. Da kai da mataimaka biyu, kowa ya kula da mutum huɗu. Ƙarfen dalma shida masu wat 40 sun isa mutum 12, wat 240 ke nan, ƙaramin janareto zai ɗauka idan an ɗauke wuta.

Babbar kasawar taro ita ce masu son koyon abu ɗaya suna ƙarewa. Bayan zagaye biyu ko uku, masu gyaran waya da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke sha'awa sun riga sun zo. Daga nan sai ka fita Tasawa ko Madarunfa, ko ka kawo sabon zane, misali na'urar kunna famfon ban-ruwa ga manoman Jiratawa. Shirya taro kuma yana cin lokacin da ya kamata ka yi zane, saboda haka sau ɗaya a wata ya isa. Ka ware rabin ribar ranar da aka tashi, ka sa ta a kayan gwaji kawai, in ba haka ba cefane zai cinye ta.

Sayarwa tana da wurinta daga baya: ka sayar wa waɗanda suka koya kayan a ƙulle cikin leda, su haɗa su sayar a unguwanninsu, gyara kuma ya zama nasu. Ka sa wa zanen lasisin CERN-OHL-S, wanda ya fito a 2020, domin duk wanda ya gyara shi ya sayar dole ya saki gyaran. A takardar da za ka ba kowa ka rubuta cewa faifan ne ke zama a rana, fitilar a inuwa, da waya mai tsawon mita uku a tsakani: batirin litiyam ba a cajinsa sama da digiri 45, kuma rufin kwano a watan Afrilu ya wuce haka.