Jama'ar Maradi ku yi hattara da mai yawo a babur yana cewa yana gyaran ƙofar gareji

Jika 62 da rabi na sefa. Tun ranar Laraba nake lissafa su ina sake lissafawa ko zan ga na yi kuskure, ban yi ba. Jika 62 da rabi, da hannuna na ƙirga na miƙa masa, a ƙofar gidana nan Ali Ɗan Sofo, yarana suna tsaye suna kallo.

Kafin wani ya ce min ai ni na so, ku tsaya ku ji yadda aka yi. Na fi shekara 20 ina kasuwanci tsakanin Maradi da Jibiya da Katsina, na zauna da mutane iri-iri, mai ƙarya tun daga sallamarsa nake gane shi. Wannan bawan Allah da gaskiya ya fara zuwa min, shi ya sa har yanzu abin yake ci na a rai.

Ƙofar garejina ta ƙarfe ce, irin wadda ake turawa gefe, tana tafiya kan layi da taya biyu a ƙasa. Tun da hunturu ya shigo ta yi nauyi, tana wani irin kuka, har maƙwabta sun san lokacin da nake fitar da mota. Ni na sa yaron gidana ya lafta mata giris a kan layin, ta ɗan yi sauƙi kwana uku, ta dawo ta fi da.

Ina zaune a waje ya tsaya da babur ɗinsa, da akwatin kayan aiki ɗaure a baya. Ya yi sallama, ya gaishe ni cikin ladabi, ko maganar kuɗi bai yi ba. Ya tsuguna, ya goga yatsa a kan layin, ya ɗago ya nuna min: baƙin abu cakuɗe da yashi, kamar kwaɓin siminti. Ya ce, "Alhaji, wa ya shafa giris a nan?" Na ce ni na sa. Ya ce, "Layi ba ya son mai, Alhaji. A share shi ya bushe, shi ke nan. Giris da ƙurar garin nan in suka haɗu, cin taya suke yi kamar zarto. Wurin mai shi ne boris ɗin cikin taya, da ƙananan tayoyin sama da ke riƙe ƙofa, da sakata." Wannan yatsan nake ta gani. Ina kwance ina ganinsa. Kuma maganar tasa gaskiya ce, mai waldan da ya haɗa min ƙofar ya tabbatar min da ita kalma da kalma. To ku gaya min, wane ne zai ji haka bai yarda ba?

Na ce Laraba, amma a'a, zuwansa na farko Litinin ne. Litinin ya kankare layin tas, ya fesa wani abu a cikin tayoyin, ya karɓi jika 10. Na ji warin gazuwal, wato man dizal, wallahi na ji, har na tambaye shi, ya ce na wanke layi ne kawai. Da ya gama, ƙaramar ƴata da hannu ɗaya ta tura ƙofar ta tafi sumul. Muka yi la'asar tare, sahu ɗaya. Bayan sallah ne, ko kafin sallar, na manta, ya fito da jarka mai lita 5 a rufe ruf da takarda a jiki, ya ce man silikon ne na ƙofa daga Dubai, ba ya kama ƙura, zai kai ni shekara biyu, kada in buɗe sai bayan wata guda. Jika 20 ya ce, na taya, muka tsaya a 17 da rabi. Ina ganin ma na yi ciniki.

Hajiya ta yi magana a daren. Ta ce, "Alhaji, mutumin nan ina shagonsa?" Na ce ya gaya min yana wajen Babbar Kasuwa. Ta yi shiru. Ban bi ta kai ba domin aiki na gani da idona.

Ranar Laraba da safe ƙofar ta soma wani ƙara daban, gurr-gurr daga ƙasa. Ban ma kira shi ba, shi ya kira ni, wai yana so ya ji lafiyar aikinsa. Na ji daɗin hakan ƙwarai, na ce ga mai amana. Ya zo, ya sa muka ɗaga ƙofar da jak ɗin motata, muka ɗora ta kan bulo, ya kwance tayoyin biyu, ya juya ɗaya a kusa da kunnena. "Ka ji, Alhaji? Boris ya mutu. Giris ɗin da aka shafa ne ya kashe shi." Wato laifina ne. Ya ce sababbi jika 35, zai tafi da tsofaffin don a samo daidai da su, kafin azahar ya dawo. Na shiga ɗaki na ɗauko. Jika 35 a kan 10, a kan 17 da rabi. Ya tafi da kuɗin, ya tafi da tayoyina.

Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Da magariba waya a kashe. Na zaga duk inda ya kwatanta min a bakin kasuwa, ba wanda ya san shi. Kwana huɗu ke nan ƙofata tana kan bulo, rabi a buɗe, motata tana kwana gidan maƙwabci, ni da babban ɗana muna kwana a tsakar gida cikin sanyin nan saboda gida a buɗe yake.

Da mai waldan ya zo na buɗe masa jarkar. Ya sansana, ya ɗiga kan kwali, ya dube ni. Baƙin mai ne da aka juye daga inji, an tsinka shi da gazuwal. Ya ce silikon na gaskiya a gwangwanin feshi ya saba ganinsa, garai yake kamar ruwa, ba ya barin baƙi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bayanin tayoyin. Ya ce gazuwal in ya shiga boris wanke giris ɗin ciki yake yi, ranar farko taya ta yi ta gudu, bayan kwana biyu ta bushe ta soma ƙara. Ashe tun Litinin ya shuka abin da ya zo ya girba Laraba. Ya san ranar da ƙofar za ta yi kuka, shi ya sa ya riga ni kira. Tayoyina da ya tafi da su, in ji mai waldan, wanki da sabon giris kawai suke buƙata.

Na kai ƙara komisariya, wato ofishin ƴan sanda. Ina da hirarmu ta WhatsApp, ina da muryarsa yana rantsuwa zai dawo kafin azahar, kuma kyamarar wani maƙwabcina ta ɗauki babur ɗinsa. Da zarar an ba ni izini zan sa muku su duka ku gani, don masu cewa ƙari nake yi. Mai waldan ya ce irin wannan labarin ya ji shi daga wani a unguwar Zariya, ba ni kaɗai ba ne.

Duk wanda ba ku san shagonsa ba, kada ya kwance muku komai, kada ku ba shi kuɗin kaya. Ku share layi ya bushe, ku sa mai kaɗan a boris, ko ku kira wanda ya haɗa ƙofar.

Gobe mai waldan zai kawo sababbin tayoyi, jika 14 duka biyun. Jika 14. Shi ya dubi idona ya ce 35, na ba shi har ina sa masa albarka. Jarkar tana nan na ajiye a zaure, ban zubar ba, ina jiran ranar da za a kama shi in kai masa ita komisariya ya buɗe da hannunsa.