Attajirin Mills & Boon da Ɗan Gidan Alhaji: Wanne Ya Cancanci Baccinki?

'Yar uwa, kin ce kin daɗe kina bin littattafan Hausa na waya, irin na gidajen masu kuɗi inda so ke faɗowa ba zato ba tsammani, sai ga wata ƙawarki ta turo miki na Turanci tana cewa su ne na ainihi, namu kwaikwayo ne kawai. Kina son sanin inda suka bambanta da wanda za ki ba lokacinki. Ina karanta duka biyun, kuma ban yarda da ƙawar taki ba. In aka hango su daga nesa dai kam suna kama: namiji mai dukiyar da ba ta ƙirguwa, mace da ba ta mallaki komai ba sai mutuncinta, ƙiyayya da fari, so daga baya. Amma a na Turawa mutum ɗaya ne ke da kuɗi, a namu kuwa gida ne ke da kuɗi, kuma kusan duk sauran bambancin daga nan ya tsiro.

Bari in fara da nasu. Kamfanin Mills & Boon, mai buga littattafan soyayya, a Landan aka kafa shi tun 1908. Harlequin na ƙasar Kanada ya zo a 1949, ya saye Mills & Boon a 1971, sannan a 1973 ya buɗe jerin littattafan da ake kira Harlequin Presents, wanda shi ne matattarar attajirai: mai jiragen ruwa ɗan Girka, mai otal-otal ɗan Italiya, yariman wata ƙasar Larabawa da ba ta cikin taswira. Biloniyan Amurka da ya cika manhajojin karatu a yau jikansu ne. Wannan mutum shi kaɗai yake zaune a ƙololuwar bene, daga shi sai direba da sakatariya. Iyayensa sun rasu, ko kuma ba sa ga maciji da juna. In ya ga dama gobe ya auri mai share masa ofis, ba wanda zai kira shi ya ce ya zo gida ana nemansa. To me zai hana auren har a cika littafi? Sai marubuciyar ta sa cikas ɗin a zuciyarsa. Uwarsa ta gudu ta bar shi yana yaro, ko wata ta taɓa yaudararsa, shi ya sa duk macen da ta yi masa murmushi yake ganin aljihunsa take hari. Aikin jarumar shi ne ta rushe wannan katangar. Ranar da bakinsa ya iya furta yana sonta, labari ya ƙare.

Namu jarumin ma miskili ne, ba ya son hayaniya, magana ɗaya sai ya yi kamar an sa shi dole. Soja ne ko likita ko mai kamfani, ya yi karatu a waje, turarensa na riga shi shiga ɗaki. Sai dai in ya danna hon maigadi ya wangale get a Nasarawa ko Maitama, ba gidansa ya shigo ba, gidan ubansa ne. Ga sashen Abba, ga na Hajiya, ga na kishiyar Hajiya, ga kaka a nata ɓangaren da ba mai taka mata birki, ga ƙanne, ga 'yar ƙanwar Hajiya da aka kawo hutu shekara uku ba ta koma ba, kowa kuma ya san dalilin zamanta. Mutumin da ma'aikata ɗari ke rawar jiki in ya shigo ofis, Abba zai kira shi bayan sallar isha'i ya ce, "Na ba da sadakinka, ranar Juma'a za a ɗaura," ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ƙara girma." Don haka ko ya ce yana sonta, rabin tafiya aka yi. Saura Hajiya. Saura a sa albarka.

A nan ne nake ganin namu ya yi musu fintinkau, domin marubuciyar Hausa tana da kayan aikin da Baturiya ba ta da su. Ɗauki ranar farko da aka shigo da yarinya falon uwar miji. Ta cire silifas tun daga bakin ƙofa, ta ƙi hawa kujera, ta durƙusa a gefen kafet ta ce, "Hajiya ina wuni." Hajiya ba ta ɗago daga wayarta ba. Can ta juya wajen mai aiki ta ce, "Ita ce wannan?" Ƙannen miji biyu suna kan kujera, ɗaya ta taɓe baki, ɗayar ta miƙe ta ƙara turaren wuta a kasko ba tare da ta ce uffan ba. Ba a zagi kowa ba, ba a ɗaga murya ba, amma ke mai karatu zuciyarki na tafasa, don kin san nauyin gaisuwar da aka ƙi amsawa, kin kuma gane abin da turaren nan yake nufi. A littafin Turanci sai an sa surukar ta fito fili ta ce yarinyar ba ajinsu ba ce, kuma galibi shafi biyu ne a wajen wata liyafa, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarta.

Sai maganar inda aure yake zama a cikin labarin. A wajensu yawanci shi ne ladan ƙarshe, zobe da farar riga a babin rufewa. Suna da auren yarjejeniya, a sa hannu a takarda za a zauna shekara ɗaya don ya samu gadon kakansa, amma ba dole ba ne, tunda za su iya haɗa mutum biyu a gida ɗaya ba tare da an ɗaura komai ba. Marubuciyarmu ba ta da wannan damar. In tana son su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya su yi ta faɗa har so ya shiga, tilas ta aurar da su da wuri. Daga nan ne auren haɗi ya yawaita, da wasiyyar mamaci, da amaryar da ta gudu ana gobe ɗaurin aure aka maye gurbinta da ƙanwa ko 'yar riƙo don a fita kunyar mutanen da suka taru a masallaci. Son ba-zata a wajenmu bayan an shafa fatiha yake zuwa, a wajensu kafin nan. Haka ma labarin juna biyun da aka ɓoye: a wajensu hanya ce ta dawo da masoya, ya gan ta bayan shekara huɗu da yaro mai kama da shi sak. A namu cikin da ba aure masifa ce da ke tarwatsa dangi, sai dai in an yi auren sirri tun farko, kuma ko shi sai marubuciya ta sha wahalar wanke jarumarta.

Kishiya kuwa babu ita sam a nasu. Akwai tsohuwar budurwa mai makirci, amma ana korarta ta tafi ke nan. Uwargida ba a korarta haka, tana da kwananta, tana da 'ya'ya, wani lokacin ma ita ce mai gaskiya. Marubuciyar da ta iya ba ta hujja maimakon ta mai da ita 'yar bin bokaye tun shafin farko, wannan ki riƙe sunanta, irinsu ba su da yawa.

Wani abu da ƙawarki ba ta lura da shi ba: labarin mai kuɗi da talaka ya daɗe a rubutun Hausa, kuma da can ba haka ya fuskanta ba. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990 lokacin da littattafan kasuwar Kano ke tashe, yarinyar ce 'yar masu hali, saurayin talaka, mai kuɗin da ke nemanta kuwa shi ne abokin hamayya. Yau an juya, mai kuɗin ya zama saurayi kyakkyawa, shi ne ma wanda ake mafarki. A wannan juyin kam zan yarda akwai hannun littattafan waje da finafinan Indiya da na Turkiyya, akwai kuma hannun tsadar rayuwa. Ba laifi ba ne mace ta gama lissafin cefane ta buɗe waya ta shiga gidan da ba a taɓa ɗauke wuta ba.

Yanzu inda suka fi mu, kuma fifikon ba kaɗan ba ne: tsari. Littafin Presents kalmomi wajen dubu 50 ne, bai cika kai shafi 200 ba, edita ya bi shi layi-layi, kuma ƙa'ida ce sai an ƙare da farin ciki. Ki fara bayan la'asar ki gama kafin ki kwanta. Namu ana rubuta shi ne kullum ana sakewa, masu karatu na sharhi, marubuciya na kallon inda iska ta kaɗa. In aka ga ana son faɗan jaruma da uwargida sai a ƙara masa shafi ashirin. Biki kaɗai sai ya cinye mako guda: kamu, sa lalle, dina, walima, kai amarya, buɗar kai, kowanne da kalar leshin da aka sa da sunan mai kwalliya. Lefe kuwa sai an buɗe miki akwatunan ɗaya bayan ɗaya, kamar ke ce 'yar karɓa. Ga Turancin da ake cusawa a bakin jarumi don a nuna ya yi boko, rabi daidai rabi a karye. Ga tallan kayan mata a tsakiyar shafi daidai lokacin da ake jiran sakamakon asibiti. Mafi ciwo, ki karanta shafukan kyauta, ki tura kuɗi a sa ki a rukunin masu biya, labari ya kai tsakiya marubuciya ta ce uzuri ya taso, shiru har wata biyu. Duk da haka akwai daɗin da littafin da aka gama ba ya bayarwa, wato jiran shafin dare tare da mata ɗari, a rabu gida biyu, waɗannan na bayan amarya waɗancan na bayan uwargida, a yi ta musu kamar 'yan uwansu ne na jini.

Akwai kuma wata dabara tamu da ke ɓata min rai. An shafe littafi guda ana nuna mana cewa 'yar talla ko 'yar ruga mutum ce kamar kowa, ta cancanci ɗan gidan Alhaji da halinta. Sai a littafi na uku a gano ashe 'yar wani hamshaƙi ce da aka sace tana jaririya, ga tambari a kafaɗarta. Hajiya ta rungume ta tana kuka. To ashe Hajiya ce ke da gaskiya tun farko, jini take nema kuma ta samu. A nan Turawa sun fi mu riƙe magana, mai aikin otal ɗinsu takan ƙare tana 'yar talakawan da aka haife ta. Sai dai su ma suna da nasu abin dariyar. In kika ɗauki na yariman Larabawa, za ki tarar da hamada da tanti da doki da fada, amma ki gama littafin ba ki ji an kira salla sau ɗaya ba.

Batun batsa kuwa kowane ɓangare na da shi, kada wanda ya ruɗe ki. Hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya sa ido kan abin da aka buga aka kai kasuwa, amma abin da ke yawo daga waya zuwa waya ya fi ƙarfin a bi shi ɗaya-ɗaya. In kin ga an rubuta "na matan aure ne" a saman shafi, kin san inda aka dosa. Su Harlequin sun raba nasu jeri-jeri, Presents yana da zafi, Love Inspired kuwa na masu riƙo da addinin Kirista ne, ba a shiga ɗaki da mai karatu. Tun daga bango za ki san abin da kika ɗauko, wanda mu har yanzu ba mu tsara ba.

Wurin da na fi so a gwada su shi ne bayan jarumi ya yi laifi, don a duka biyun yakan wulaƙanta ta fiye da kima. Baturen zai hau jirginsa ya bi ta, ya tsaya a ruwan sama ya yi jawabi mai taɓa zuciya, ta yafe a shafi uku. Namu sai ya je biko. Ya ajiye motar a bakin lungu don ba ta shiga, ya tsallake kwata da takalminsa mai tsada, yara na binsa da kallo. Ya cire takalmin ya zauna a tabarma a zauren mahaifinta, malamin da ɗan abin da yake samu a wata bai kai kuɗin man motar nan na kwana ɗaya ba. Tsohon ya gama lazimi a tsanake, ya tura masa makullin motar da aka aiko da shi jiya, ya ce, "Ɗauki abinka. Ban sayar maka da ita ba, amana na ba ka." Sai ya dawo da kawunsa, ya sake dawowa da Abba da kansa. Ni a wajena wannan zauren ya fi jirgin.

Tunda kin ce rigimar gidan ce ke riƙe ki, ba kwalliyar jarumi ba, ki tsaya a na Hausa, amma ki riƙa tambaya ko an kammala littafin kafin ki tura ko sisi, kuma a shafukan kyauta ki duba Hajiya: in an ba ta dalilin ƙin yarinyar da ya wuce mugunta zalla, marubuciyar ta san aikinta. Na Turancin ki ajiye su don ranar da kike son abin da zai ƙare a zama ɗaya, ga shi kuma suna gyara wa mutum Turanci ba tare da ya ji jiki ba, don harshensu mai sauƙi ne. Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi ba sa rasa su, ƙanana ne masu laushin bango, ki fara da ɗaya na ɗan Girka ko ɗan Italiya, ki bar na yariman hamada sai ranar da kike neman abin dariya.