Rigar ruwan kyamara, bayan kwana tara muna yawo cikin ruwan sama

Kwana tara muka yi muna yawo a mota ni da ƙanina, daga wannan gari zuwa wancan ta cikin tsaunuka da bakin tafki, kuma a kwanakin nan tara sau biyu kacal rana ta fito ta kirki. Sauran in ba yayyafi ba to ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Don haka rigar ruwan da na saya wa kyamara kafin mu tashi ta sha aiki iya aiki, ina ganin yanzu ina da bakin magana a kanta.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, wata ƴar riga ce ta yadin nailan mai hana ruwa shiga, ana zura kyamara a ciki, gabanta akwai zariya irin ta wando da ake tsukewa a bakin kyamarar, bayanta akwai taga ta roba mai haske don ka ga sikirin, sai hannuwa biyu a gefe da za ka zura naka hannuwan ka kama maɓallai, ƙasanta kuma zif ne da ake buɗewa idan za a ɗora a kan ƙafar kyamara mai ƙafa ukun nan. In an naɗe ta tana shiga aljihun jaka, ba ta da wani nauyi.

Dalilin da ya sa na saya shi ne kyamarata ba ta cikin waɗanda aka toshe musu kafofi da roba don ruwa. Kuma ko waɗanda aka toshe ɗin ma mutane su daina ɗauka ba sa jin ruwa. Yawancin kamfanoni cewa kawai suke yi kyamarar tana jure yanayi, ba sa ba ka wata lamba da ke nuna iya juriyarta. Kaɗan ne ke bayarwa, misali kyamarar OM-1 da ta fito a 2022 tana da IP53, lambar farko 5 ta ƙura ce, ta biyu 3 kuma tana nufin fesin ruwa da ke zuwa daga sama ko a karkace har digiri 60. Ba ta nufin ka tsoma ta a tafki. Sannan in jikin a toshe yake amma gilashin ɗaukar hoto da ka ɗaura masa a gaba ba a toshe ba, an yi ba a yi ba kenan.

To bari in fara da inda ta burge ni, don gaskiya ta burge ni. Rana ta uku muka tsaya a bakin wani tafki da yamma, hazo ya sauko ya yanke tsaunin da ke hayi gida biyu, ƙasansa baƙi ƙirin samansa babu shi, ruwa na dukan tafkin yana ta yin ƴan da'irori. Na kafa ƙafar, na ɗora kyamara, na tsuke zariya. Na fi minti 40 a wajen, ruwa na bin wuyana har cikin riga, takalmina ya cika taf, ƙanina yana cikin mota yana ta danna min hon yana cewa Yaya don Allah ka taho haka nan kar ka ja wa kanka mura. Da na dawo na zuge zif na shafa jikin kyamarar, a bushe take ƙayau, ko ɗigo babu. Ɗinkin ma an bi bayansa da wani tef ta ciki, shi ya sa ruwa bai bi ramin allura ba, wannan in za ka saya ka juya cikinta ka duba, wadda ba ta da tef ɗin nan ka ajiye musu abarsu.

Amma da daddare da na zuba hotunan a kwamfuta sai jikina ya yi sanyi. Fiye da rabinsu akwai wasu dunƙule dunƙulen tabo a sararin sama, kamar an ɗiga musu man shafawa. Ɗigon ruwa ne a gilashin gaba. Rigar ta rufe ko'ina banda wajen da hoto ke shiga, kuma dole haka, ba laifinta ba ne, amma hoton da ke jikin kwalinta na wani mutum yana murmushi cikin ruwa shi ke sa ka ɗauka ka gama da matsala. A ɗan ƙaramin sikirin ta bayan robar da ta jiƙe ba za ka ga ɗigon ba. Kuma ni na ƙara wa kaina da na tsuke ƙofar haske zuwa f/16 don gaba da baya duk su fito tar, ashe iya tsukewarka iya yadda ɗigon zai fito fili, musamman da gilashi mai ɗauko fili da faɗi. A f/8 da ɗan sauƙi, a f/4 wani lokaci ba ka ma ganinsa sai dai ɗan dishi dishi.

Daga ranar na canza tsari. Malafar bakin kyamara, wannan baƙar robar da ake murɗawa a gaba wadda yawancinmu ke barinta a kwali, ita ce ta zama babbar abokiyar aiki, a kanta ma nake tsuke zariyar. Na daina fuskantar iska, ina juya mata baya ko in ba ta gefe. Kyamara tana kallon ƙasa har sai na shirya, in goge, in ɗaga, in ɗauka, in sake dubawa. Ƙyallen goge gilashi guda ɗaya na tafi da shi, cikin minti goma ya jiƙe jagab ya koma shafa ruwan kawai yake yi, sai da muka nemo wasu huɗu a hanya na zuba su a leda mai zif a aljihun ƙirji, jiƙaƙƙu aljihun hagu busassu na dama. Wallahi da masu rigar nan za su riƙa haɗawa da ƙyalle uku a ciki da sun fi kyautawa a kan ƴar jakar adon da suka saka ta a ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi kuma wanda laifinta ne kai tsaye shi ne tagar baya. Da zarar ka zura hannu biyu, ɗumin hannunka da danshinsa sai su taru a ciki, waje kuma da sanyi, nan da nan robar ta yi gumi ta ciki. Ka goge waje a banza. Ka kai ido wajen leƙawa numfashinka ya ƙara mata. Sau da yawa sai na buɗe zif ɗin ƙasa rabi don iska ta shiga, wanda in ruwan na tsaye ne babu komai, amma in iska na kaɗa shi to ka buɗe masa ƙofa. Taɓa sikirin kuwa ka manta da shi, ta bayan robar ba ya ji, ka san maɓallanka da ka tun daga gida don lalube za ka yi.

Sai zum. Gilashina irin wanda ke miƙewa ne in ka jawo abu kusa, zariyar tana riƙe shi, in ka sassauta kuma ruwa ya samu hanya. In na koma can 24mm, inda yake ɗauko fili da faɗi, ban lura ba sai gefen rigar ya zamo gaba ya shigo hoto, kusurwoyi su yi baƙi. Wannan da ɗan sabo ana maganinsa. Iska ce ba a maganinta, rigar tana cika da ita tana faɗa faɗa, ƙafar tana rawa, in kana son hoton daƙiƙa ɗaya ko biyu na ruwan da ke gangarowa daga kan dutse don ya yi laushi kamar auduga to sai ka tattare yadin ka riƙe shi da hannu ba tare da ka taɓa kyamarar ba, ka sa ta ƙirga daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka.

Kuma ba ta sawuwa da sauri. Rana ta shida muna cikin tafiya wajen ƙarfe biyar na yamma gajimare ya tsage ta yamma, rana ta leƙo, gabas kuma har yanzu baƙi. Na ce masa tsaya tsaya, bakan gizo zai fito, don in rana tana bayanka kuma ta yi ƙasa da digiri 42 ga ruwa a gabanka to ka sa ido, shi ya sa ba ka ganinsa da tsakar rana. Ya fito kuwa, har biyu, na saman launinsa a juye. Ni kuma ina tsugune a bayan mota ina kokawa da hannun riga da zariya. Kafin in gama ya dushe. Ƙanina da wayarsa ya ɗauka, har yau yana min gori. Tun daga nan in yayyafi ne ba na bi ta kanta, hular wanka ta leda da na ɗauko a masauki nake kifa wa kyamarar, robar bakinta ta kama, in zan ɗauka in yaye.

Duk da haka hotunan da na fi so a tafiyar duk na ranakun ruwa ne, kuma da babu rigar da ban yi gangancin fita ba. Jiƙaƙƙen dutse launinsa yana fitowa, ganye ya yi shar, babu inuwa mai kaifi. In ka ɗaura filtar folaraiza, wani ɗan gilashi da ake sawa a bakin kyamara don rage ƙyalli, ka murɗa ta a hankali ƙyallin da ke kan ganye da duwatsu sai ya tafi launin ya ƙara zurfi, sai dai tana cin haske wajen mataki ɗaya da rabi zuwa biyu, kowane mataki kuma rabin hasken yake ragewa, ga shi dama garin da duhu, dole ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ko ka koma kan ƙafa. A kula da ita wajen bakan gizo, wani murɗin yana ƙara masa launi wani kuma ya shafe shi gaba ɗaya. In kana son ruwan kansa ya fito to ka nemi bango mai duhu, daji ko gefen tsauni, saurin ɗauka na 1/60 na daƙiƙa yana ba ka zare zare, 1/1000 ya tsayar da ɗigon cak. Ranar da aka fara tsawa dai ban tsaya ba, tsakanin walƙiya da ƙararta duk daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne, da na ƙirga bai kai goma ba na naɗe ƙafar na shige mota, ba ni tsayawa a fili riƙe da sandar ƙarfe saboda hoto.

Kuskure ɗaya na yi da ya kusa ja min asara, na shigo mota daga sanyi, hita a kunne, na cire rigar nan take, gilashin ya yi fari fat har ta ciki, sai da na jira kusan awa ɗaya ya washe. Yanzu tun a waje nake goge jikin da tawul in sa ta a jaka in zuge, ta ɗumama a hankali. Da daddare kuma in buɗe jakar in baza komai, rigar in rataye ta a juye, ƴan ƙunshin silika masu tsotse danshi in zuba su kusa da gilasai, don danshi da duhu su ke kawo funfuna a cikin gilashi kuma in ta kama sai mai gyara. Rigar tana bushewa kafin safe, sai dai zariyar takan kwana da danshi.

In kai mai kafa ƙafa ne ka tsaya wuri ɗaya kana jiran haske, saya, za ta yi maka. In kai mai dirowa daga mota ne ka ɗauka ka koma, za ta fi ba ka haushi a kan amfani, lema da hular wanka da wanda zai riƙe maka lemar sun ishe ka. Ni tauraro uku da rabi cikin biyar na ba ta, rabin nan tagar ce ta cinye shi, ɗayan kuma bakan gizona.