Matplotlib ko MATLAB: kan layukan da suka zama iri ɗaya a akwatin bayani

Ƙanena, ka tambaya ko ka koma manhajar lissafi ta MATLAB saboda layukan giraf ɗinka sun zama iri ɗaya a akwatin bayani, wato ɗan akwatin da ke nuna sunan kowane layi. Kada ka koma saboda wannan. Ka zauna a Matplotlib ɗinka, kayan zana giraf na yaren kwamfuta Python, gyaran bai fi kalma ɗaya ba.

Ka ce da ka rage girman rubutun akwatin bayani zuwa 6, sai layi mai yanke-yanke da mai sanda da ɗigo suka koma kamar miƙaƙƙen layi. Ga abin da ya jawo. A Matplotlib, 'yar sandar nan da ke gefen sunan kowane layi ba ta da tsawon kanta, da girman rubutu ake auna ta. Sunanta handlelength, kuma a kan 2 take zuwa, wato ninki biyu na girman rubutun. Rubutu mai girman 10 yana ba ka sanda mai tsawon poyin 20 (poyin shi ne ma'aunin girman rubutu). Da ka mai da shi 6, sandar ta koma 12. Su kuwa yanke-yanken ba ruwansu da rubutu, kaurin layi suke bi. In kaurin yana kan 1.5 yadda yake zuwa, layi mai sanda da ɗigo yana farawa da sanda mai tsawon 9.6, sai giɓi na 2.4. Haɗa ka gani, 12 cif. Filin ya ƙare kafin ɗigon ya samu wurin tsayawa. In kuma ka ƙara kaurin zuwa 2 don ya fito a takarda, sandar farko kaɗai ta kai 12.8, ko giɓin ma ba za ka gani ba.

Sai ka rubuta plt.legend(fontsize=8, handlelength=4). Wannan ya ba ka poyin 32, salon sanda da ɗigo zai zagayo sau biyu, ido ya gane shi. Na sa 8 da gangan, don rubutu mai girman 6 ba malamin da zai karanta shi bayan an yi fotokwafi. In akwatin ya rufe maka layuka, ka raba shi gida biyu da ncol=2, ko ka fitar da shi gefen giraf ɗin da bbox_to_anchor.

Ni abin da ya sa nake ƙaunar Matplotlib, wata ƙanwar matata ce da ta yi karatun injiniyan gine-gine a jami'ar ATBU da ke Bauchi. Furojet ɗinta kan haɗa siminti da tokar ɓuntun shinkafa ne, tana auna ƙarfin kankare a kwana 7, 14 da 28, haɗi kala shida. A kan allo giraf ɗin gwanin sha'awa, ja da kore da shuɗi. Da aka buga a wani shago a Yelwa da baƙin tawada, duk suka zama toka-toka, malaminta ya zagaye akwatin da jan biro ya dawo mata da shi. Mun zauna bayan sallar isha'i, muka ba kowane haɗi nasa salon yanka da umarnin dashes, wannan doguwar sanda da ɗigo biyu, wancan gajerun sanduna a jere, muka tsawaita handlelength. Kafin shayin ya huce an gama. Daga baya da aka ce ta sake gwajin haɗi ɗaya, lambobi kawai ta canza, giraf-giraf ɗin duka suka sake fitowa da kansu. Har yau in mun haɗu a gidan biki sai ta tuna min.

MATLAB kuwa, gaskiya sandarsa ba ta ƙanƙancewa don ka rage rubutu, wannan na ba shi. Amma salon layi huɗu kacal gare shi, kuma lasisinsa da dala ake biya. Na taɓa ba da kuɗi aka sa min shi, kuɗin nan har yanzu suna min ciwo.

Tun da maganar ta zo, ka yi hattara da masu shagunan sa manhaja. Za a ce maka "orijinal ne, har da lasisi", sannan a ce ka kashe antibairos kafin a sa, kuma kada ka kunna intanet in kana amfani da shi. Duk wanda ya faɗa maka haka, na sata ya sa maka, kuma ba ka san me ya biyo shi cikin kwamfutar da furojet ɗinka yake ba. Akwai ma masu karɓar kuɗin ɗalibai a kan Python da Anaconda (kunshin Python da kayan aikinsa) su ce kuɗin manhaja ne, alhali kyauta ake sauke su. In kuɗin data da wahalarsa mai shagon zai karɓa, ya faɗa maka haka ka biya da saninka.

In kwamfutarka ba ta da ƙarfi, ka buɗe Google Colab, shafin da ake aiki da Python a intanet, Matplotlib na ciki tun asali. Ka gwada gyaran yau, ka buga shafi ɗaya da baƙin tawada kafin ka kai wa malaminka, in har yanzu layukan sun yi kama ka turo hoton nan mu duba.