Garin masa harina da ƙanena ya aiko daga Amurka

Ƙanena yana zaune a unguwar Buronks ta birnin Niyok, yana aiki a madafar wani gidan abinci. Da sanyin bana wani ɗan garinmu ya taho gida, sai ya ba shi saƙo. Daga Yamai aka sako mini shi a motar Damagaram. Na buɗe ina zaton turare ne ko atamfa, sai ga ƙunshin gari fari, kilo 2, an rubuta "masa harina" a jiki.

Na kira shi na ce, masara ta ƙare a kasuwarmu ta Dole ne? Ya ce, "Yaya, ki dafa tukuna. Ba ni na saya ba, kyauta ce aka ce in ba ki."

Mai kyautar maƙwabciyarsa ce, ƴar Meziko daga jihar Puwebla, inda da yawa daga mutanen Meziko mazauna Niyok suka fito. Ya taɓa ba ta kilishin da na aika masa, ita kuma ta rama da abin da ya fi mata daraja. Da Sifaniyanci masa na nufin ƙulli, harina kuma gari. Ba su da haɗi da masar geronmu ta safe, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Abin da ya raba shi da garin tuwonmu shi ne a can sai an dafa tsabar masara da farar ƙasa irin ta abinci, a wanke, a niƙa, sannan a busar. Da na zuba ruwa, ƙamshin da ya tashi ya tuna mini da dafuwar da aka sa wa kanwa. Kofi 2 na gari, kofi 1 da rabi na ruwan ɗumi, ɗan gishiri, shi ke nan. Ba mai, ba yis, ba jiran ya tashi. Ƙullin yana kama jikinsa nan take, abin da garinmu ba ya yi sai a wuta. Na mulmula kamar ƙwallon fura, na sa tsakanin leda biyu, na danne da gindin faranti, na ɗora a busasshen kasko bisa gawayi. A juyi na biyu sai ya kumbura ya yi ciki, gefe ya yi ɗigo-ɗigon ƙuna. Wannan ita ce tortiya. Mun ci da wake, da tattasai da albasa, yara suka yi ta miƙo hannu tun ban sauke ba.

Inda ya gaza kuwa, a tuwo ne. Yana nuna da wuri, amma ƙamshin nan ya danne miyar kuka. Inna ta kai loma ɗaya ta ture kwanon. Kuma a iskar hunturunmu, in ba a lulluɓe tortiyar da ƙyalle ba, kafin a gama gasa ta goma ta fari ta bushe ta kakkarye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin matar. Ƙidayar Amurka ta 2020 ta nuna masu asali da ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci sun haura miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin biyar, kuma fiye da rabinsu tushensu Meziko ne. Duk da yawan nan, ƙanena ya ce tana yi wa ƴaƴanta Sifaniyanci su mayar mata da Turanci. Ta koyi shiga jirgin ƙasa, ta koyi cika takardu, ta saba da ƙanƙara, amma kowace safiya sai ta gasa tortiya kafin ta fita aiki. A ɗakin haya ba wurin dafa masara da niƙa ta, shi ya sa garin nan ya zame mata gata. Da yana ba ni labarin sai muryarsa ta yi ƙasa, don nasa yaran ma haka suke yi masa da Hausa. Ita ce ma ta koya masa ya riƙa tambaya a gidajen abincinsu ko an sa kitsen alade a wake, tun da ta gane Musulmi ne. Masarar kanta daga ƙasarsu ta fito, an fara noma ta a kudancin Meziko shekara wajen 9,000 da suka wuce, kafin ta iso gonakinmu.

Ban taɓa ganin garin a Damagaram ba. Wadda ke da ɗan'uwa a can, ta roƙe shi ƙunshi ɗaya, ya cancanci nauyin kaya. Ni dai saura kofi 4 gare ni, na ɗaure shi a roba saboda ƙwari. Ɗan garinmu zai koma bayan salla, na riga na haɗa wa maƙwabciyar ƙanena garin gero da yajin da Inna ta daka da hannunta.