Inda na buga hoton Jibin Ƙarshe a Sabon Tasha

Mai son hoton Jibin Ƙarshe, wato abincin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa, na ratayewa a falo, akwai wani ɗan shagon buga hotuna a Sabon Tasha ta Kaduna da ya cancanci a leƙa. Zumuntar matan cocinmu ce ta aike ni, kyauta za mu yi wa Fasto.

Na ƙi na kasuwa ne saboda yawancinsu a matse suke. Zanen asali, wanda Leonardo da Vinci ya yi a bangon ɗakin cin abincin wani gidan sufaye a Milan ta Italiya tsakanin 1495 da 1498, faɗinsa ya kusa mita 9, tsayinsa bai kai 5 ba. Masu bugawa sai su cusa shi cikin firam ɗin da ke hannunsu, fuskokin almajirai su yi zololo, wani lokacin ma a datse na gefe.

Yaron shagon ƙin karɓar wanda na kawo a waya ya yi. "Mama, WhatsApp ya riga ya cinye shi, in na faɗaɗa farfashewa zai yi." Ya nemo babba a kwamfuta, ya nuna mini iri biyu: kwafi mai launi rau-rau, da hoton bangon kansa bayan gyaran da aka kammala a 1999. Wannan a koɗe yake, don a kan busasshen bango aka shafa fentin, tun mai zanen na da rai ya soma ɓarewa. Shi na zaɓa. Kada ku nemi ƙafafun Yesu ku ce inji ne ya yanke, ƙofa aka fasa a wurin a 1652.

A kan kanbas ya buga, ba ledar fosta ba, kuma ya fara fitar da ɗan guntu na gwaji, don launin kwamfuta daban, na tawada daban. Da ka matso kusa za ka ga jakar kuɗi damƙe a hannun Yahuza, ga Toma ya ɗaga yatsa. Aikin ya fita.

Firam ɗin ne bai yi mini ba. Kusurwa ɗaya ba ta haɗu ba, sai da na sa aka sake. Ranar da suka ce in zo ma ba a gama ba, wai an ɗauke wuta. Kuɗin ya fi na kasuwa nesa ba kusa ba, kuma gilashi daban ake biya. Ku dai sa, ƙurar hunturun Kaduna ba ta raga wa kanbas.