Littafi uku sun ci bashi, na huɗu ya ƙi biya: sharhi kan jerin Twilight

Ga mai shirin sayen littattafan Twilight guda huɗu na Stephenie Meyer, ko don kansa ko don wata ƙanwa da ta dame shi da roƙo, na farkon da na biyun sun ci kuɗinsu. Na huɗun, Breaking Dawn da ya fito a 2008, shi ya ɓata mini rai, kuma ɓacin ran ya koma baya ya taɓa sauran.

Irin wannan labari na budurwa 'yar Adam da ta kamu da son wanda ba mutum ba, tambaya ɗaya ce ke riƙe da shi: me za ta rasa idan ta bi shi? Duk wanda ya saba da labaran aljani da budurwa da ake turawa ta WhatsApp ya san da zarar haɗarin ya gushe, sauran soyayyar 'yan makaranta ce kawai. Littafin farko, na 2005, ya fahimci wannan sosai. Bella mai shekara 17 ta bar Phoenix ta koma wurin mahaifinta Charlie, shugaban 'yan sandan Forks, ƙaramin gari mai yawan ruwan sama a jihar Washington ta Amurka. Edward Cullen mai shan jini ne, an haife shi a 1901, aka mayar da shi haka a 1918 yana bakin mutuwa a annobar mura. Yana jin tunanin kowa ban da nata, kuma ƙamshin jininta ya fi na kowa jan sa. Da waɗannan biyun marubuciyar ta gina komai. Bai san abin da ke ranta ba, sai ya tambaya kamar kowane saurayi, kuma duk takun da ya matso kusa da ita zai iya zama ajalinta. Shi ya sa riƙe hannu kaɗai a littafin nan yake sa gaban mai karatu faɗuwa. Turancin ma mai sauƙi ne, ɗalibar ajin ƙarshe na sakandare za ta bi shi ba tare da ƙamus a gefe ba.

New Moon, littafi na biyu, yana da abin da har gobe nake yaba masa. Bayan Edward ya tafi ya bar ta, sai ka buɗe shafi ka ga sunan wata kaɗai, Oktoba. Na gaba Nuwamba, sai Disamba, sai Janairu, ba kalma ɗaya a ƙarƙashinsu. Ban ga inda aka nuna baƙin cikin matashi da gaskiya irin haka ba.

To, a cikin littattafai ukun nan an jera wa Bella farashin zama irin su Edward, an maimaita har mai karatu ya haddace. Sabon shiga yakan shafe kusan shekara ba ya iya riƙe kansa in ya ji ƙamshin jinin mutum. Dole ta rabu da mahaifinta, tunda ba za ta tsufa ba kuma dokar Volturi, sarakunan masu shan jini da ke Italiya, ta hana mutane sanin sirrin. Ba za ta haihu ba, Rosalie, 'yar gidan su Edward, ta zaunar da ita a Eclipse, littafi na uku, ta ba ta labarin yadda rashin ɗa yake cin ranta shekara da shekaru. Sannan za ta karya zuciyar Jacob, abokin da ya ɗago ta lokacin da aka yashe ta. Saboda waɗannan huɗun ne mutum yake jure shafukan da ba komai a cikinsu sai yabon kyawun fuskar Edward.

Breaking Dawn ya zo ya soke su ɗaya bayan ɗaya. Ta samu ciki kafin a mayar da ita, ta haifi 'yarta Renesmee cikin kusan wata guda. Farautarta ta farko ta ji ƙamshin mutane a daji, ta riƙe numfashi ta juya da gudu, shi ke nan maganar shekarar ƙishirwa ta mutu. Jacob, wanda shi ma ba mutum ne zalla ba, ya rikiɗe kyarkeci a gaban Charlie, Charlie ya ce kada a gaya masa fiye da abin da ya zama dole, ya ci gaba da ganin 'yarsa da jikarsa. Ba ta rasa komai ba, har ƙarin kyau da ƙarfi ta samu, da gida na musamman a cikin daji.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kashi na uku na littafin. Irina, wata mai shan jini, ta hango Renesmee, ta ɗauka ƙaramin yaro ne aka mayar mai shan jini, wanda babban laifi ne a dokarsu, ta kai ƙara. Volturi suka taso gaba ɗayansu. Daga nan babi bayan babi ana tara baƙi: daga Alaska, daga Masar, daga dajin Amazon, da wasu tsofaffi biyu daga Romaniya da ke riƙe da tsohuwar gaba. Kowa an bayyana baiwarsa dalla-dalla. Zafrina tana sa mutum ya ga abin da babu, Benjamin yana juya iska da ruwa da ƙasa da wuta, Bella tana koyon faɗaɗa garkuwar da ke kare tunaninta don ta rufe mutanenta. Aka haɗu a fili cikin dusar ƙanƙara, aka ja daga. Sai magana. Aka kashe Irina ita kaɗai, Alice, 'yar gidan su Edward mai hangen abin da zai faru, ta iso da wani Nahuel, ruwa biyu kamar Renesmee, mai kusan shekara 150, ya shaida cewa irinsu ba su da haɗari, Aro, shugaban Volturi, ya tattara mutanensa suka koma. Littafi mai shafi sama da 700 ya ƙare a nan. Ba jini nake nema ba, sulhu ma ƙarshe ne mai kyau in an gina shi. Amma wanda ya warware rikicin mutum ne da ba mu taɓa jin sunansa ba sai a babobin ƙarshe, kuma masu fim ɗin 2012 da kansu sai da suka ƙirƙiro yaƙi a cikin wahayin Alice don su cike ramin.

Da na waiwaya kuma sai na ga ba yau aka fara ba. A littafin farko mugun, James, bai bayyana ba sai da aka ci kusan kashi uku cikin huɗu, kuma ba mu ga yadda aka kashe shi ba saboda Bella ce mai ba da labari, tana kwance cikin ciwo. A Eclipse babban faɗa da rundunar Victoria, masoyiyar James mai neman fansa, can wani wuri ake yin sa, ita tana kan dutse. Wannan aibi ne na gaba ɗayan irin littattafan: an zaɓi bakin yarinyar don a kusantar da mu ga zuciyarta, sannan aka sa ta zama mafi rauni a labarin, don haka duk lokacin da abu ya yi zafi sai a janye ta, mu ma a janye mu.

Maganar Jacob kuwa ta wuce rauni a rubutu, ta zama abin ƙyama. A labarin, masu rikiɗa kyarkeci sukan kalli mace sau ɗaya zuciyarsu ta ɗaure da ita har abada, ba zaɓinsu ba nata. Jacob ya ɗauru da Renesmee ranar da aka haife ta. Littafin ya yi ta bayanin cewa yanzu yaya ne kawai gare ta, amma ya kuma gaya mana za ta gama girma cikin shekara bakwai, kowa ya san inda aka dosa. An riga an share fage tun a Eclipse da Quil, abokin Jacob, da wata yarinya 'yar shekara biyu. Kuma duk wannan an rataya shi a wuyan Quileute, ƙabila ta gaske da ke zaune a La Push, alhali ƙirƙirar marubuciyar ce.

Na ce biyun farko sun ci kuɗinsu, amma ga babba ne. Edward yana shiga ɗakin Bella ta taga da dare yana kallon ta tana barci tun kafin ta sani, ita kuma da ta ji, damuwarta kawai ko ta yi magana cikin barci. A New Moon tana hawan babur ba kan gado, tana faɗawa teku daga kan dutse don ta ji muryarsa a kunnenta. A Eclipse ya cire wani ɓangare na injin motarta don kada ta je wurin Jacob. Jacob ya sumbace ta da ƙarfi, ta naushe shi har hannunta ya karye, mahaifinta ɗan sanda ya yaba wa yaron. Labarin bai ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan da nauyin da ya kamata ba, yarinya 'yar shekara 13 za ta karanta su a matsayin alamar so.

Iyaye da yawa suna samun natsuwa da jin cewa Edward ya ƙi kusantar ta sai bayan ɗaurin aure, kuma gaskiya ne, babu batsa a fili ko bayan auren. Sai dai su sani babin haihuwar yana da jini sosai, ƙashin bayanta yana karyewa, kafin nan ma tana shan jini a kofi don cikin ya zauna. Ni dai ba zan miƙa wa 'yar ƙasa da shekara 16 su ba, in kuma ta riga ta fara, a zauna da ita a yi maganar motar nan da tagar nan kafin ta kai na huɗu.